Ranar da Na Kai Mota Gonar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai mota gonar surukaina ba, kuma ko na so in manta, mutanen Diffa ba za su bar ni ba. Har yau akwai tsofaffin da in sun hango ni a kasuwa sai su yi atishawar ƙarya, su wuce suna kallon sama kamar ba su ba.

A lokacin Nasara bai tafi ba tukuna, saura 'yan shekaru. Diffa kuwa ba wadda kuka sani yanzu ba ce. Ƙauye ne a bakin Komadugu, bukkoki da 'yan ɗakunan ƙasa, in kana son ganin kumandan, Baturen mulki, sai ka yi guzuri. Ni tela ne, ɗan Damagaram, babana ya zo fatauci ya zauna cikin Barebari, ni kuma na gaji rumfarsa da keken ɗinki guda. To, keken nan shi ya lalata ni. Tunda ina ɗiga masa mai, ina kwance shi ina ɗaurewa, sai na yanke wa kaina hukunci cewa duk wani ƙarfe mai juyawa a duniya ni ne malaminsa. Ga shi kuma na taɓa cin rani a Nguru, ina ɗinki a bakin tasha ina sauraron direbobi suna shara wa juna ƙarya. Na kwaso labarinsu kaf na dawo da shi gida, na mayar da shi nawa. (Ban taɓa riƙe sitiyari ba. Wannan ban ga dalilin gaya wa kowa ba a lokacin.)

Motocin da ke ratsa yankinmu a shekarun nan ba su da yawa, kowa ya san su kamar yadda ya san jakin maƙwabcinsa. Ƙananan na ɗaukar kaya, masu buɗaɗɗen baya, irin waɗanda yanzu kuke kira a-kori-kura, uku ne. Sunayen kamfaninsu ba ruwan kowa da su, mun raɗa musu namu.

Akwai Ɓauna, ƙirar Amurka, ragowar yaƙi, ta wani falke Balarabe ce daga Gigimi. Doguwa, mummuna, fenti ya gudu ya bar ta. Ƙafafunta huɗu duk suna ja, cikinta nesa da ƙasa, in ta shiga yashi sai dai yashin ya yi haƙuri. Amma tana shan esansi, wato fetur, kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, ba ta sauri, kuma wanda ya zauna a cikinta daga nan zuwa Boso sai an gasa masa ƙugu. Mai tuƙa ta wani tsohon soja ne da ake kira Sarja, shi ma fuskarsa ba ta fi ta motar fara'a ba.

Akwai Guntuwa, ƙirar Ingila, ta wani mai sayen fata ce da ke ƙetarowa daga Gaidam in ruwa ya janye. Kamar akwati take. Tana da wani ɗan ƙaramin giya a gefen babban, in an tura shi sai ƙafafun gaba su ma su kama aiki. A yashi ba ta da tsara, tana hawa tudu kamar akuya, jikinta kuma ba ya tsatsa. Matsalarta baya: buhu kaɗan ne ke cika ta, in ka ɗaura mata abu mai nauyi ta ja, za ta ja, amma tana kuka kamar ana yanka ta.

Sai 'Yar Birni, ƙirar Faransa, ta wani attajiri ce daga garinmu Damagaram, Isufu ke tuƙa ta. Kai, 'Yar Birni. Shuɗiya, da tanti a baya, kujera mai laushi, madubi a gefe, oda mai zaƙi kamar algaita. A kan hanya mai tauri tana ɗaukar kaya sosai, tana gudu, ba ta cin mai. Sai dai ƙafafun baya kaɗai ke ja, kuma cikinta kusa da ƙasa yake, har in kaza ta shiga ƙarƙashinta sai ta sunkuya.

Duk wannan bayanin ni ne nake yin sa, a rumfata, ranar kasuwa, ƙafata a kan keke, allura a baki. Manoma da makiyaya su zauna suna jiran ɗinkinsu, ni kuwa ina raba wa motoci daraja kamar alƙali. "In kaya ne masu nauyi, ko janyo wata daga taɓo, Ɓauna," in ce. "In yashi ne da sauri, Guntuwa. 'Yar Birni kuwa ta titi ce, duk wanda ya kai ta fadama bai san mota ba." Na faɗi wannan maganar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a gaban shaidu. Ku riƙe ta, don su ma sun riƙe.

Yanzu ga inda abin ya shafe ni. Ina neman auren Falmata, 'yar Ba Kiyari, wani manomin tattasai da gonarsa take a kwarin bakin kogi. Falmata tana so na, ko da yake ba ta taɓa rasa abin da za ta yi mini dariya a kai ba. Amma ba ni kaɗai ba ne, akwai wani Bukar, ɗan masu shanu, shi ma yana zarya. Ba Kiyari ya ce zai ba da amsa in an gama kwashe amfanin gona. A al'adar wurin, mai neman aure yakan ɗauki rana guda ya tara abokansa su yi wa uban yarinya aiki, a nan ake auna mutum. Bukar ya riga ya yi tasa: ya zo da takarkarai, bijimai na ɗaukar kaya, da samari majiya ƙarfi, suka kwashe rabin tattasan da aka shanya suka kai gida, suna waƙa. Saura rabi, kuma saura ni.

Ni ba ni da sa ko ɗaya. Abokina na ƙut da ƙut shi ne Mele, masunci, sai wasu 'yan kaɗan da ba sa iya ɗaga buhu sai sun yi salati. Kamata ya yi in ari jakuna in yi abina a hankali. Amma ina? Na je gaishe da Ba Kiyari, na cire takalmi, na durƙusa, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, abin da shanu suka yini suna yi, ni da mota zan yi shi, tafiya ɗaya."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Mota a gona?"

Na ce, "Zamani ne, Baba."

Ya ce, "To. Allah ya kai mu." Irin "to" ɗin da ake yi wa mai zazzaɓi in yana surutu.

Ranar da na zaɓa jajibirin kasuwa ce, lokacin da Ɓauna da 'Yar Birni duk suna gari. Kowa ya ɗauka Ɓauna zan nema. Ni ma, a gaskiya, kaina ya san Ɓauna ce. Amma sai na zauna na hango kaina ina isowa gona a cikinta: hayaƙi, ƙara, Sarja a gefe yana tofar da goro, ni a takure tsakanin jarkoki. Sai na hango kaina a 'Yar Birni, gwiwar hannu a taga, farar riga, oda tana tashi, Falmata ta ɗago kai. Ban daɗe ina shawara ba. Na sami Isufu, na yi masa alkawarin ɗinka masa kaki sabo fil, riga da wando, da aljihu huɗu kamar na kumandan.

Isufu ya ce, "Hanyar tana da tauri?"

Na ce, "Kamar daɓe." (Ban taɓa bin ta da komai ba sai silifa.)

Mele da ya ji, ya zo rumfa ya tsaya a kaina. "Ba kai ne kake cewa duk wanda ya kai 'Yar Birni fadama bai san mota ba?"

Na ce, "Wannan ga wanda bai sani ba ne. Wanda ya sani, ya san inda zai bi da ita."

Ya ce, "Kai dai Falmata kake so ta gan ka a madubi."

Na ce masa masunci ba ya sa baki a maganar inji, ya je ya ji da komarsa.

Shigarmu gona kam, ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Da hantsi muka gangaro, na sa Isufu ya danna oda tun daga nesa. Mata suka miƙe, Ba Kiyari ya dafa sandarsa, Falmata ta rufe baki da gefen mayafi, ni na fassara shi da sha'awa. Uwarta, Ya Bintu, tana can ƙarƙashin wata tsamiya da ƙoren fura da nono na ma'aikata. Da ta gan ni ta juya baya, kamar yadda ta saba. Dole in yi muku bayanin wannan, don yaran yanzu har hira suke da surukansu. A wancan zamani uwar yarinyar da kake nema ba ta yi maka magana, ba ta kallon idonka, in kun haɗu a hanya ɗayanku ya ratse daji. In tana da saƙo sai ta gaya wa wani ya gaya maka, ko da kana tsaye a wurin. Kunya ce, kuma girmamawa ce. Ranar da ta dube ka ta ce "sannu" kamar kowa, to ka sani an cire ka daga lissafi. Tun da na fara zuwa gidansu ban taɓa jin muryar Ya Bintu ta nufo ni ba.

Aka fara lodi. Busasshen tattasai ba shi da nauyi a hannu, sai dai cika wuri, an ɗura shi a manyan buhunan kaba. Muka cire tantin, muka jera, muka ɗora, muka ƙara ɗorawa. Isufu ya ce ya isa, mu yi sawu biyu. Na ce na yi wa Baba alkawarin tafiya ɗaya, kuma ɗaya za a yi. Kayan suka yi tsiri har suka ninka motar tsawo. Can ƙarshe aka kawo wasu ƙananan buhuna, Mele ya ce na Ya Bintu ne, barkono ne, ɗan ƙaramin nan mai zafin tsiya da ta noma da hannunta a gefen gona, da shi take sayen kayan ɗakin Falmata. Na ce a ɗora su a can sama, wurin girma. Na kuma sa samari biyu suka hau kai don su danne.

Wanda bai san ƙasar bakin Komadugu ba, in ruwa ya janye, sai ya rantse dutse ce. Sama ta bushe ta tsattsage, baƙa ƙirin. Ƙasan kuwa kunu ne. Da muka shigo ba kaya, ɓawon ya ɗauke mu. Da muka juya da kaya da mutane, ba mu yi nisa ba sai na ji motar ta yi wani irin nishi, bayanta ya zauna. Isufu ya taka mai, ƙafafun baya suka juya a wuri ɗaya, suka haƙa wa kansu kabari. Ƙafafun gaba kuwa suna tsaye a kan busasshiyar ƙasa, tsaf, ba abin da ya dame su, kamar baƙi a gidan makoki.

Isufu ya kashe mota, ya dube ni. "Daɓe, ko?"

Na fito na zagaya motar, hannu a baya, ina ƙwanƙwasa taya da ƙafa. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashi, na ce "hmm". Ban ga komai ba sai laka, amma na ce "hmm" ɗin da ƙarfi don Ba Kiyari ya ji. Muka tura, muka sa rassa, muka haƙa, ba abin da ya ƙaru sai zurfin ramin. Rana ta take. Mutanen gonakin maƙwabta suka bar aikinsu suka zo kallo, har da Bukar, wanda ya tsaya nesa kaɗan yana sakace, bai ce komai ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Ba Kiyari ne da kansa ya ce, "A kira motar Balaraben nan."

Mele ya tafi gari. Can sai muka ji ta tafe, tana gurnani. Ɓauna ta gangaro ta bi ta cikin lakar nan da ta cinye mu, ko a jikinta, ta zagaya ta tsaya a gabanmu. Sarja ya sauko a hankali, ya kalli 'Yar Birni, ya kalli tsirin kaya, ya kalle ni.

"Mushe Tela," ya ce, irin kiran girma na Faransanci da ya koyo a soja, "an ce kai ne ke koyar da mota a kasuwa."

Na ce, "Ɗan tsautsayi ne."

Ya ce, "A sauke kayan, in ja ta."

A nan ne ya kamata in yi shiru. Amma sauke kaya yana nufin sawu biyu, ko ma a mayar da su kan Ɓauna, a ce motar da na raina ce ta yi aikin. Na ce ba za a sauke ko buhu ɗaya ba, ai na sha faɗa cewa Ɓauna tana iya jan gida. Sarja ya ɗaga kafaɗa, ya jefo wata igiya mai kauri kamar hannun yaro, ya ɗaura nasa gefen. Isufu ya sunkuya zai ɗaura namu, na ture shi. Na ce ƙulli sana'ata ce, tun ina ƙarami nake ƙulla zare. Na kuwa yi mata ƙulli mai kyau, ɗan lafiyayye, irin wanda nake yi a bakin wuyan riga. Sai na koma bayan mota, na naɗe hannun farar rigata, na dafa, don Falmata ta ga ba baki kaɗai gare ni ba. Samarin da ke sama suka diro, su sun fi ni hankali.

Na ɗaga murya na ce a ja.

Gaskiya Ɓauna ba ta ba ni kunya ba, duk abin da na faɗa a kanta haka yake. Ta ja, igiya ta miƙe, 'Yar Birni ta fara fitowa daga rami da kayanta duka, Isufu yana taka mai iya ƙarfinsa. Har na fara murmushi. Sai ƙullina ya warware, sumul, kamar yadda ƙullin tela nagari yake warwarewa in an ja shi. Motar ta dawo da baya ta faɗa ramin, tsirin kaya ya yi rawa, buhunan da ke can sama, na wurin girma, suka zubo ta baya suka faɗa daidai bakin tayoyi. Isufu bai san abin da ke faruwa ba, ƙafarsa tana kan mai. Tayoyin suka kama barkonon Ya Bintu suka niƙa shi, niƙan da ko turmi bai taɓa yi ba, suka feso shi baya. Wa ke baya? Malamin mota.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ga ja, daga nan ban ƙara ganin komai ba. Ya shiga ido, ya shiga hanci, ya shiga bakin da na buɗe ina murmushi. Ina jin mutane suna tari suna gudu, wani yana salati, wata tana kiran sunan ɗanta. (Daga baya aka gaya mini wai da tayoyin suka sami buhunan suka taka, motar ta fice da kanta. Wato a ƙarshe ba Amurka ba ce ta fitar da ita, ba Faransa ba, barkonon surukata ne.)

Ina durƙushe ina birgima ina kiran Mele, sai na ji hannu ya kama wuyan hannuna ya ɗaga ni. Hannu ne mai ƙarfi, mai kaushi, irin na mai jan koma. Na ce alhamdu lillahi, abokin kirki. Ya ja ni, na bi, ido a rufe, majina har gemu. Kuma da yake ciwo yana kwance wa mutum baki, sai na fara.

"Mele, na mutu. Kai ni kogi. Wannan wace irin mata ce za ta shuka wuta a gona? Wannan ba barkono ba ne, mugunta ce. Ita dama ka dubi fuskarta, kullum kamar an aiko mata da labarin mutuwa."

Hannun bai ce komai ba. Na ɗauka shi ma barkonon ya shaƙe shi.

"In Allah ya sa na sami Falmata, Boso zan kai ta, wallahi, inda tsohuwar nan sai ta yi kwana biyu a kan jaki kafin ta gan mu. Kuma abin haushi, Mele, mai wannan bala'in a gona, ka ci miyarta? Rannan da suka aiko mini da tuwo, lami, kamar ruwan wanke ƙwarya. Rowa ce ke hana ta sa yaji. Akuyar maƙwabta na ba, ita ma sai da ta yi tunani."

Aka zaunar da ni a inuwa. Aka kama ƙeyata aka tanƙwasa kaina baya, aka zuba mini wani abu mai sanyi a ido. Nono ne. Aka zuba, aka goge da gefen zane, aka sake zubawa, a hankali, kamar ana wa jariri wanka. Har na ce, "Kai Mele, ashe kana da tausayi. Amma yaushe ka fara ɗaura zane?"

Sai idona ya fara buɗewa. Na ga reshen tsamiya. Na ga ƙwaryar nono. Na ga zane baƙi mai ratsin shuɗi, na ga hannu da munduwar azurfa. Na ɗaga kai, ita kuma ta kawar da nata gefe, don ko a wannan halin Ya Bintu ba za ta kalli idon mai neman 'yarta ba. Mele yana can nesa wurin mota, yana tari yana tattara buhu.

Jama'a, na so ƙasar nan mai cin mota ta buɗe ta cinye ni, amma ƙarƙashin tsamiya tana da tauri. Ba zan iya ba ta haƙuri ba, don ba a yi mata magana. Ba zan iya gudu ba, don ban gama gani ba. Na zauna nono yana ɗiga daga gemuna, ita kuma ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Sarja ne ya kwashe sauran tattasan ya kai gidan Ba Kiyari, sawu biyu, ba wanda ya tambaye ni. Isufu ya ce kakin nan sai na ƙara masa hula. Ni kuwa na shige rumfa na saki asabari, na yi kwanaki ba na fita sai masallaci, can ma sahun baya. Na tabbata an gama da ni. Asarar barkono kaɗai ta isa, balle abin da bakina ya ƙara. Abin da nake jira kawai shi ne ranar da Ya Bintu za ta gan ni ta ce, "Sannu, tela," kowa ya ji, a san Bukar ya ci. Ina son yarinyar nan, ba wasa ba, kuma na zubar da ita da hannuna saboda madubin mota. Dare da rana abin yana cina.

Ranar wata kasuwa, dole ta sa na ɗaga asabari. Mele yana zaune a gefena yana gyaran koma, yana ba ni labarin yadda ake kwaikwayona a bakin kogi, don shi a ganinsa wannan ta'aziyya ce. Sai na hango ta tafe, kai tsaye, ba ta ratse ba. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Ta zo har bakin rumfa ta tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran sannun da za ta kashe ni.

Sai ta juya mini baya, ta fuskanci Mele.

"Ka gaya wa abokinka," ta ce, "buhunan da motarsa ta yaga suna nan a gida. An ce ya iya ƙulli."

Mele ya juyo, fuskarsa ba dariya, ya ce, "Ta ce buhunan da motarka ta yaga..."

Na ce, "Na ji." Ban taɓa jin daɗin an juya mini baya irin na ranar ba.

Ta ƙara da cewa, har yanzu Mele take kallo, "Ka kuma gaya masa Boso ba ta da nisa. Ina da jaki."

Na yi sauran ranin nan a zauren Ba Kiyari ina ɗinkin buhu da basilla, na kuma yi wa Ya Bintu aikin gonarta da lokacin ban ruwa ya zagayo, da jigo da fartanya, ba oda ba madubi. Ba Kiyari bai so ya ba ni Falmata ba, an ce uwar ce ta tsaya sai da aka yi. Falmata ta gaya mini bayan aure wai uwarta ta ce gara wawan da aka riga aka ji duk abin da ke cikinsa da mai shirun da ba a sani ba. Ban tabbata yabo ba ne, amma na karɓa. Ba mu koma Boso ba, gidanmu katanga ɗaya ce ta raba da nasu.

Ya Bintu ba ta taɓa gaya wa kowa sauran abin da na faɗa ba, ko 'yarta ba ta san zancen miya ba sai da na tsufa na faɗa da bakina. Sai dai tun daga makon farko na aurenmu, kowace Juma'a akushi yana ƙetaro katanga daga wurinta, da saƙon cewa na maigida ne shi kaɗai, kada kowa ya taɓa. Miyar ja wur, barkonon ya fi kuɓewar yawa. Nakan zauna in cinye tas, hawaye na zuba, gumi har ƙugu, in mayar da akushi in ce a gaya mata ya yi daɗi. Haka muka yi da ita shekara da shekaru har Allah ya karɓi abarsa, kuma Juma'ar farko da akushin bai zo ba, na yi kukan da barkono bai taɓa sa ni ba.

Yanzu in yaran nan sun zo suna gardamar wace mota ta fi wace ja, suka ce tsoho me ka gani, nakan ce su sayi mummunar, su sauke kaya in an ce su sauke, kada kuma su bar tela ya ɗaura igiya. In kuwa tsautsayi ya sa idonsu ya rufe, wani ya kama hannunsu, to su tambayi sunansa kafin su fara ba shi labarin surukai.